Sojojin Dalma Ashirin da Huɗu

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa: ba na karanta takardar da ake sakowa cikin kwali. Shekara ashirin da biyu ina aiki a ɗakin magani na babban asibitin nan na Camberwell, kullum ina miƙa wa mutane magani ta taga ina ja musu kunne su karanta takardar da ke ciki kafin su sha. Ni kuwa ko tukunyar lantarki na saya, takardar ce take fara shiga kwandon shara, tun kafin kwalin. Matata Shafa'atu ta daina yi mini magana a kai. Sai dai ta bi bayana ta tsince takardun ta adana a wata durowa, domin ranar da abin zai fara hayaƙi.

Abokina Davou ba haka yake ba. Mutumin Jos ne, kuma a asibiti ɗaya muka yi aiki, shi a sashen haƙori inda yake ƙera wa mutane haƙoran roba. Mutum ne da zai yi awa guda yana goge haƙori ɗaya wanda zai zauna can ƙuryar baki inda ko mai shi ba zai taɓa gani ba. Dukanmu a unguwar Thamesmead ta bakin kogi muke zaune, gininsa yana kallon nawa, kuma shekara goma sha biyar muna tsayawa a tashar bas ɗaya da safe. In mun haɗu mukan riƙe hannun juna muna gaisawa, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, har bas ta zo ta raba mu.

Shi ya ja ni cikin harkar sojojin dalma. Duk Asabar da rana wasu mutane kan taru a wani zaure a Camberwell, su shimfiɗa koren ƙyalle a kan manyan tebura, su dasa 'yan tsaunuka da bishiyoyi na roba, su jera sojoji waɗanda ba su kai ƙaramin yatsa tsawo ba. Sai su yi ta yaƙi irin na zamanin bindigar toka. Da tef ake auna tafiyar soja, da ɗan ludo ake sanin ko harbi ya samu. Na je sau ɗaya don in yi masa dariya, na ɓige da zama mai riƙe tef. Na yi wa Shafa'atu bayani cewa ba a sa ko sisi, saboda haka ba caca ba ce. Ta ce ita ba cacar ce ta dame ta ba, abin da ya dame ta shi ne mutum mai shekara hamsin da uku yana yin ƙarar igwa da bakinsa.

A zauren nan babu wanda ya kai Davou iya fenti. Sojansa in ka ɗaga a haske sai ka rantse da launinsa aka zuba shi, babu sawun buroshi, babu gudaji. Kuma yana da wani gwangwanin biskit da kowa ya san labarinsa amma ba kowa ya gani ba. A ciki akwai sojojin ƙasa ashirin da huɗu, tsohon zubi na dalma da kuza, waɗanda ya saya a wani ɗan kanti kusa da Aldwych shekarar da ya zo ƙasar nan yana ɗalibi. Bai taɓa sa musu fenti ba. Yakan ce kuzar da ke jikinsu kakansa ne ya haƙo ta a Bukur, saboda haka danginsa ne, ba za a yi musu aikin gaggawa ba. Sai ya yi ritaya, ya samu natsuwa.

Ya yi ritaya a watan Maris. A watan Yuli ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo da taimakon sanda. Hannun ne ya ƙi. Daga nan Davou ya daina fita. Ba coci, ba zaure, ba ko saukowa ƙasa ya sha iska. In na je duba shi sai in tarar da shi a kujera ɗaya, hannun dama a kan cinya kamar na aro, na hagu ya damƙe kan sanda. Ya gyaɗa mini kai, ni kuma in ɗora hannu a ƙirji. Matarsa Kachollom, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta gaya mini abin da ke ƙasa. Ta ce ba tafiyar ce ke ba shi tsoro ba. Ba zai iya jure miƙa wa mutum hannun hagu ba. Shi da ya tarbiyyantar da 'ya'yansa a kan ko cokali ba a karɓa da hagu, yau a ce ya shiga taro yana gaisawa da hagu, yana jefa ɗan ludo da hagu, yana shan shayi da hagu a gaban mutane.

Ƙarshen Oktoba Jane ta tare ni. Ita ce sakatariyar zauren, tsohuwar ma'aikaciyar laburare, mai magana a hankali kamar kada ta tashi wani daga barci. Ta ce babban wasan shekara Asabar ta farko ce a Disamba, kuma ba a taɓa yin sa babu Davou ba, in san yadda zan yi in kawo shi.

Na je na faɗa masa. Ya ce a'a. Na sake faɗa ta wata hanyar, ya sake cewa a'a ta hanyar farko. Da na dame shi sai ya ce wa Kachollom ta ɗauko gwangwanin biskit ɗin. Ta ajiye a ƙasa, ya tura mini shi da bakin sanda.

"Ga su nan, Malam Almu. Ranar da ka fente su suka yi sumul kamar ƙwai, zan zo in jagorance su."

Ya san abin da yake yi. Yana nan ranar da na fente ƙofar kicin ɗinmu, ta manne da bango kwana biyu muna shiga ta gefe kamar ɓarayi.

Kachollom ta raka ni har bakin lif. Ta ce mai yi masa gashin jiki ta faɗa mata gaskiya: in ya ƙare wannan sanyin a kujerar nan, to ya zauna ke nan, jiki zai saba, zuciya ma ta saba. Sannan ta kira ni da sunan 'yata ta ce, "Baban Zarah, ka yi iya ƙoƙarinka. Mijin nan nawa duk taurin kansa bai taɓa yin alkawari ya saɓa ba. Shi ya sa ba ya yawan yi."

Mako biyar ke gabana. Na ga kamar sun yi yawa ma.

Na dai san ana fara fesa wani farin fenti na shimfiɗa, wanda suke kira furaima, domin launi ya samu abin kamawa. Na sayo gwangwani, na jera sojojin a kan jarida a barandarmu, hawa na tara, ranar da iskar kogi ke kaɗawa kamar an aiko ta. Na tsaya nesa don kada ya taɓa mini riga. Rabin fentin ya haye kogi ya tafi wata unguwa. Rabin da ya rage ya bushe a iska kafin ya sauka, sai sojojin suka fito kamar an mirgina su a garin kwaki. Na ce ba komai, launi zai rufe. Na tsoma buroshi a shuɗin fenti yadda ya fito daga kwalba, kauri kamar kunun gyaɗa, na lafta musu. Ya rufe kuwa. Ya rufe gurjin, ya rufe maɓallan riga, ya rufe fuskoki. Shafa'atu ta leƙo ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko ƙuli-ƙuli ma yanzu ana yin shuɗi.

Ita dama ta kafa sharaɗi tun ranar farko cewa mutum-mutumin nan ba za su kwana a ɗakin da take salla ba. A kabad ɗin baranda suke kwana, tare da bokiti da tsintsiya. Ban yi musu ba. Yadda suka koma ma, ba na jin akwai malamin da zai ce suna kama da wani abu mai rai.

Jane ta ce in jiƙa su a detol kwana biyu, in goge da tsohon buroshin haƙori. Fentin ya saki kamar majina. Gidanmu ya ɗauki warin asibiti, har wata baƙuwar Shafa'atu ta rage murya ta tambaya wane ne ba lafiya.

Karo na biyu na yi abin da ban taɓa yi ba: na juya gwangwanin na karanta bayansa. Ashe duk abin da ya same ni a rubuce yake, har da iska da sanyi. Na kuma zauna da Jane ta yi mini karatu. Tsohon zubi yakan zo da wani siririn zare a jikinsa, inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu, sai an kankare shi da wuƙa an bi da ɗan magagari. Yakan kuma zo da ƙurar hodar da ake barbaɗa wa mazubin, sai an wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Gwangwanin feshi a ɗan tsoma shi a ruwan ɗumi, a girgiza har hannu ya gaji. Launi kuma a tsinka shi da ruwa ya koma kamar madara, a shafa siriri, a bari ya bushe, a sake shafawa. Ta ce shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Na ce da an gaya mini haka tun ina yaro da rayuwata ta bi wata hanya.

Na yi komai yadda aka ce. Na ɗauki ranakun hutuna na zauna da su da rana, lokacin da haske ke da ɗan dama, duk da cewa a wannan watan azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa kamar 'yan uku, kana zama aiki sai ka tashi alwala. Na kankare, na wanke, na shanya a kan tawul. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na jera cikin wani babban kwali a bakin tagar kicin, na fesa a hankali. Furaima ta kwanta lafiya, ko kusan haka. Sai dai nan da can, a kafaɗa da hula, ta ɗan ja da baya ta bar ƙananan ramuka kamar idon kifi. Da na sa launi abin ya ƙaru. Da ya bushe na ɗan murza da yatsa, sai ya saluɓe kamar ɓawon soyayyar gyaɗa.

Detol kuma. Karo na uku na ninka wanki, na canza sabulu, na canza gwangwani, na sayo ruwan kwalba don kada a ce ruwan famfo ne. Idon kifi ya dawo, a kafaɗa da hula, daidai inda ya fito a baya.

A zaure kowa ya kawo nasa ilimin. Wani ya ce dalmar ce ta ruɓe, tsohuwar dalma tana yin haka. Wani ya ce danshin kogi ne, in ƙaura. Wani tsohon direban bas ya ce in tafasa su. Ni a raina na fara zargin kakan Davou da haƙo kuza marar kyau. Saura kwana goma sha uku, kuma abin da ke cikin gwangwanin biskit ya fi muni a kan ranar da aka ba ni.

Ranar Lahadi da rana, bayan Kachollom ta dawo daga coci, na ɗauki gwangwanin na haye gininsu. A lif na shirya jawabi mai kyau a kan cewa ɗan Adam ajizi ne. Ban samu damar yin sa ba. Davou ya ce a kunna masa fitilarsa ta aikin haƙori, mai gilashin ƙara girma, wadda ta yi wata biyar a lulluɓe. Ya sa na ajiye soja ɗaya a ƙarƙashinta. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa kamar ta wanda aka nuna wa abin da aka yi wa gonarsa.

Sai ya fara tambaya irin ta likita. Na wanke? Da me? Na ɗauraye? Na bari sun bushe? A ina na fesa, da wane nisa? Duk na amsa daidai, kuma na ga hakan ya fi ba shi haushi, domin ya so ya kama ni da wuri.

"To bayan sun bushe, yaya kake kai su cikin kwalin?"

"Ɗauka nake yi."

"Nuna mini."

Na sa yatsu biyu na ɗauki sojan ta hula da kafaɗa.

"Haba, wa ya ce maka haka ake riƙe..."

Bai ƙarasa ba. Haushi ya sa ya manta da kansa, ya saki sanda ta faɗi, ya cafko hannuna da hagunsa don ya gyara mini riƙo. Sai ya murza babban yatsansa a tafin hannuna. Ya sake murzawa. Ya jawo hannun kusa da hancinsa ya sansana.

"Almu. Man kaɗanya ne wannan?"

Na ce shi ne. Na ce kowa ya san sanyin garin nan, in ka yi alwala ba ka shafa mai ba hannunka sai ya yi fari ya tsattsage kamar bayan kada. Gwaggon Shafa'atu ce ke aiko mana da shi daga Kano, mai kyau, ba gauraye. Yana nan a bakin famfon banɗaki, ina idar da alwala nake lakata.

"Sau nawa a rana?"

"Sau biyar. In sanyi ya yi yawa, da ƙari."

"Wato ka wanke su tas, ka tafi ka yi salla, ka dawo ka shafe su da mai ɗaya bayan ɗaya, sannan ka fesa fenti a kai."

Da ya faɗe shi a jere haka, ni ma na ji bai yi daɗin ji ba.

Kachollom tana bakin ƙofar kicin. Ta juya ta koma ciki, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi, amma famfon bai rufe dariyar ba. Davou ya ce shekara talatin da biyar dangin nan nasa suna jiran fenti, ashe tausa aka kai su. Ya ce da ya sani da ya haɗa ni da ɗan turare in ƙarasa musu kwalliyar. Ya yi ta yi. Ni kuwa na lura da abin da shi bai lura ba: har yanzu bai saki hannuna ba.

Da ya tsagaita na ce, "Laifinka ne ai. Wata biyar ka hana ni hannunka. Da ka gaisa da ni tun makon farko, da ka ji man nan, da mun huta da detol."

Ya dubi hannayenmu. "Da hagu?"

"Da hagu mana. Wannan da ka riƙe na dama ne, lafiyarsa ƙalau, dubi ɓarnar da ya yi. Sau uku."

Ya sake ni a hankali, ya ce wa Kachollom ta duba ko akwai sauran safar hannu ta aikinta a gida. Sannan ya ce mini gobe in zo da su nan, ba zai sake barin su kwana a gidan da ake yi musu haka ba.

Na ɗauki hutun mako biyu a wurin aiki, na ce lalurar iyali ce, kuma ban ga ƙarya a ciki ba. Teburin cin abincinsu ya koma wurin aiki. Bayan detol na uku da wanki, Davou ya sa na manna kowane soja a kan murfin kwalbar lemo da ɗan danƙo, ta yadda murfin za a riƙa kamawa, ba sojan ba. Ya kafa doka: in na dawo daga salla, sai na wanke hannu da sabulu a gabansa, na sa safar hannu, sannan in zauna. Man kaɗanya sai in zan tafi gida. Hannuna ya yi fari ya tsage a kwanakin nan, Shafa'atu ta ce na koma kamar mai aikin siminti.

Furaima ta kwanta kamar an shimfiɗa zani. Babu ido ko ɗaya. Na so in yi murna, ya ce in bari sai gobe. Washegari muka shiga shuɗi. Shafin farko ya fito fari-fari, ana hango ƙasa, hannuna yana ƙaiƙayin in ƙara. Ya ce in na ƙara zai buga mini sanda. Na biyu ya fara kamawa. Na uku, sai ga riga ta fito, da ninkinta da maɓallanta, sumul. Na ɗaga ɗaya a hasken taga na juya shi, na yi wani murmushi wanda bai dace da mutum mai furfura yana riƙe da murfin kwalba ba.

Matsalar ta dawo da muka zo kan ƙananan abubuwa: farin ɗamara da ke gicciye a ƙirji, maɓalli, gashin baki. Hannuna ba ya tsayawa. Ɗamarar farko da na ja ta fito kamar hanyar ƙauye. Davou ya yi ta cije leɓe yana ba da umarni, sama kaɗan, a'a ƙasa, har ya gaji ya ce in ba shi buroshin. Ya karɓa da hagu. Tasa ta fi tawa karkacewa. Ya ajiye buroshin, ya juya fuska wajen taga, na ga kafaɗarsa ta sauka. Na san in ya tashi daga teburin nan ya koma kujerarsa, shi ke nan.

Ban san inda dabarar ta fito ba, wataƙila daga tsoro. Na ce ya sake ɗauka, ya kafa gwiwar hannunsa a tebur, ya tsayar da bakin buroshin wuri ɗaya kawai, kada ya ja. Ni na kawo sojan na taɓa shi da bakin buroshin, na juya murfin a hankali. Layin ya fito. Ba kamar na da ba, amma layi ne, miƙaƙƙe. Idonsa ya san inda fenti zai sauka da yawan da ya kamata, hagunsa ta iya tsayawa cak, ni kuma ashe duk rashin iyawata na iya juya murfin kwalba. Na buɗe baki zan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Allah ya taimake ni na tuna da wanda nake magana, na rufe.

Haka muka yi kwana shida, kai da kai a ƙarƙashin fitila ɗaya, yana cewa juya, tsaya, koma. Kachollom in ta dawo aiki takan tarar da mu muna faɗa a kan launin gashin baki. Ta ce rabon da ta ji muryarsa ta kai kicin tun kafin ciwon. Rana ta huɗu na iso na tarar ya yi aski. Rana ta biyar shi ya buɗe mini ƙofa.

Juma'a bayan na dawo masallaci muka shafa musu man kariya na ƙarshe, marar sheƙi, muka bari ya sha iska. Sannan ya ce a jera su, zai duba. Ɗaya bayan ɗaya nake sa su ƙarƙashin gilashi, yana cewa wuce. Ashirin da uku suka wuce. Na ƙarshe mai ganga ne. Ya ce in juya shi. A bayan gangar, wajen da igiya ta zagaya, fenti ya ɗan taru ya yi tudu kamar ƙwayar gero.

"Wannan ba sumul ba ne," in ji shi.

Ba sumul ba ne kuwa, ko ni na gani. Alkawarin da ya yi a kan ashirin da huɗu ne, kuma ga ƙofa a buɗe in yana son fita ta nan. Ƙarar kwanuka a kicin ta tsaya. Na yi tunanin in ce a ba ni awa biyu in kankare, amma na san fenti uku da man kariya ba za su bushe kafin gobe ba, shi ma ya sani.

Ya daɗe yana kallon mai gangar. Sannan ya tambaya wa ya yi wannan wurin.

Na ce ranar Laraba ce, lokacin da na tafi la'asar. Na dawo na tarar ya jingina murfin da kofin shayi yana gwadawa shi kaɗai.

"Ni kaɗai na yi gangar nan?"

"Kai kaɗai."

Ya sa hagunsa ya ɗauki murfin ya kai kusa da ido, ya juya shi da yatsu, a hankali, bai faɗi ba.

"To a sa shi a layin baya," ya ce. "Ƙarfe nawa za mu tashi?"

Na ce sha ɗaya, na riga na kama mana motar haya tun Litinin. Ya ce wato ban ma jira sakamako ba. Na ce ban saba jira ba.

Ya sa kwat da hular sanyi, Kachollom ta ɗaura masa mayafin wuya yana cewa ta bari. Mu uku muka shiga mota, gwangwanin biskit a kan cinyarsa. A bakin zauren ya tsaya yana gyara riƙon sanda fiye da yadda ake bukata. Jane ce ta fara hango mu. Ta taho ta miƙo hannu ba tare da wani tunani ba. Ya jingina sandar a jikina, ya ba ta hagu. Ta kama ta girgiza, ta ce ya makara, an kusa cinye biskit. Tsohon direban bas ya zo, shi ma haka. Wajen mutum goma suka gaisa da shi a jere, kuma in akwai wanda ya lura da wane hannu ne, bai nuna ba. Daga baya na ƙirga, uku daga cikinsu ma bahagwai ne tun haihuwa.

Da ya buɗe gwangwanin aka taru. Aka yi ta ɗagawa a haske ana juyawa, ana tambaya wane fenti ne, shafi nawa. Ya ce aikin Malam Almu ne, shi duba-gari kawai ya yi. Aka tambaye ni sirrin, na ce wanke hannu. Ya zaɓi wani ɗan tsauni a gaba, daidai inda hasken taga ke sauka, ya jera su da kansa sahu biyu, mai ganga a baya. Jifansa na farko ɗan ludon ya tsallake tebur ya shige ƙarƙashin kujera, ni na durƙusa na ɗauko. Na biyu ya tsaya a kan ƙyalle.

Awa huɗu ya yi a zauren. Ya yi musu da kowa a kan tazara, ya zarge ni da karkata tef, ya sha shayi kofi biyu, ya yi ƙarar igwa da bakinsa. A hanyar komawa ya ce wa Kachollom ta tashe shi da wuri gobe, zai je coci. Ta ce to, tana kallon waje ta taga, ba ta juyo ba sai da muka wuce Woolwich. Sannan ya gaya mini akwai wani gwangwanin a saman kabad, na mahaya dawaki, su goma sha biyu, kuma doki ya fi mutum wuyar fenti. Ya ce in zo ranar Talata da hannu a bushe.

Sojojin namu kuwa, igwar Jane ta share su duka a zagayen farko. Minti shida suka yi a kan tebur. Sauran wasan da sojojin aro na roba ya yi shi, waɗanda ko fenti babu a jikinsu.